Canjin sefa da naira ta waya: yaushe ake cewa an karɓa hannu da hannu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni matar aure ce a Sabon Gari nan Damagaram. Ina sayar da atamfa da leshi daga cikin gida, a WhatsApp nake sa hotunan kaya. Daga Kantin Kwari na Kano ake aiko mini, ni kuwa ban taɓa taka ƙafata can ba. Ƙanena nake ba sefa ya kai wa wani ɗan canji a Kasuwar Dole, shi kuma ya tura naira ta waya zuwa asusun mai shagon. Kwanan baya na aika jika ɗari uku, wato sefa dubu ɗari uku, da la'asar, suka yanke farashi, ya karɓi kuɗin, sai ya ce rezo, wato sabis ɗin waya, ya ɗauke, a bari sai gobe. Kafin gari ya waye naira ta ƙara faɗuwa, amma ya tura a farashin jiya. Wani lokacin kuma yakan ce in bar masa sefa kwana uku zai ba ni farashi mai kyau. Akwai riba ta haram a cikin wannan?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya sa albarka a neman halal ɗinki, ƴar'uwa.

Abin da kuke yi da ɗan canjin nan, sunansa a fiƙihu sarfu, wato sayar da kuɗi da kuɗi. Muslim ya ruwaito daga Ubada bn Samit cewa Manzon Allah (SAW) ya lissafa zinariya, azurfa, alkama, sha'ir, dabino da gishiri, ya ce a sayar da kowanne da irinsa daidai wa daida, hannu da hannu, sannan ya ce idan nau'o'in suka saɓa ku sayar yadda kuka so matuƙar hannu da hannu ne. Sefa nau'i ne, naira nau'i ne daban. Saboda haka babu laifi a bambancin adadi, babu laifi ɗan canji ya ci ribarsa ta ciniki a cikin farashi. Sharaɗi ɗaya ya rage, kuma a kansa duk maganarki take: kada a rabu sai kowa ya karɓi nasa.

Wani zai ce ai hadisin zinariya da azurfa ya ambata, mu kuwa takarda muke riƙe da ita, yanzu ma lamba ce kawai a fuskar waya. Imam Malik ya riga ya toshe wannan ƙofa. A cikin littafin Mudawwana ya ce da mutane za su yarda su riƙa ciniki da fatu har a buga musu hatimi su zama kuɗi, da ya ƙi a sayar da su da zinariya ko azurfa a kan jinkiri. Duk sanda na wuce ta majema na ga fatu a shanye nakan tuna wannan magana. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta tabbatar da haka a zamanta na Amman a 1986: kuɗin takarda suna ɗauke da hukuncin zinariya da azurfa a babin riba da zakka.

Ki duba yadda sahabbai suka ɗauki lamarin. A Muwaɗɗa, littafin Imam Malik, ya zo cewa wani mai suna Malik bn Aus ya nemi canjin dinari 100. Suka daidaita da Ɗalha bn Ubaidillah, Ɗalha ya karɓi zinariyar yana jujjuya ta a hannu, ya ce a jira ma'ajinsa ya dawo daga Gaba, wani wuri a bayan Madina. Umar yana ji, ya ce wallahi kada ka rabu da shi sai ka karɓa. Ɗalha fa yana cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna, ba wanda ke tsoron zai gudu da kuɗin. Ashe ba rashin amana ne kaɗai dalilin hanin ba. "Sai ma'ajina ya dawo" na Ɗalha da "sai rezo ya dawo" na ɗan canjinki uzuri ɗaya ne.

To tura kuɗi ta waya yana zama karɓa? E, yana zama. Majalisar nan a zamanta na Jidda a 1990 ta yanke cewa shigar kuɗi cikin asusu karɓa ce ta hukunci, daidai da riƙewa a hannu, kuma ana yafe ɗan jinkirin da aka saba da shi kafin kuɗin su bayyana. Malamanmu na Malikiyya sun fi tsanani a nan, domin Shehu Khalil, mai littafin Muhtasar, ya hana jinkiri a sarfu ko da kaɗan ne, ko da an rinjayi mutum ne a kai. Amma na ɗauki maganar Majalisar saboda buƙata ta game kowa. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, da rufe iyaka daga Agustan shekarar zuwa Maris na 2024, ƴan kasuwa da yawa sun daina ɗaure kuɗi a ƙugu su bi ta Matamai da Ɗan Barto. Tilasta wa mace irinki ta aika tsabar kuɗi Kano ƙunci ne da shari'a ba ta nema.

Sai dai a bambanta abu biyu da mutane ke cakuɗawa. Akwai wanda ya danna ya tura, an cire kuɗin daga asusunsa a gaban ƙanenki, sai dai sun maƙale a hanya ba su isa Kano ba tukuna. Wannan shi ne jinkirin da ake yafewa, don kuɗin sun bar hannunsa. Idan daga baya suka dawo masa, cinikin ya warware, a sake sabo da farashin lokacin. Akwai kuma wanda bai tura komai ba, ya ƙirga sefa, ya ɗaure da roba, ya jefa a aljihu ya ce a dawo gobe. Wannan ba a yafe shi. Sau da yawa ma ba rezo ba ne, asusun ne babu naira a ciki, yana jiran wani ya zuba masa.

Hoton rasit da ake turowa a WhatsApp kuwa ba karɓa ba ne. Hoto ne, kuma kowa ya san ana ƙirƙirar na bogi. Ƙanenki ya zauna a kan bencin, ya kira mai shagon Kano ya ce ya duba asusunsa da kansa. Idan ya ce sun shigo, sannan ya tashi. Minti biyu ne. Turawa kai tsaye zuwa asusun mai shago bisa umarninki ba matsala ba ce, yana karɓa ne a madadinki. Kuɗin turawa da ake cirewa ladan aiki ne, halal ne.

Akwai wata dabi'a da waya ta kawo wadda nake so ki kiyaye. Mutum ya tura saƙon murya da safe ya ce "na saya a kaza, riƙe mini", kuɗi kuma sai da yamma. Tambayar farashi ta waya babu laifi, ki tambayi mutum biyar ma in kin so. Ƙulla cinikin ne ba ya halatta sai a lokacin da kuɗi biyun za su motsa. A wancan zama na 1990 da aka halatta ƙulla ciniki ta wayar tarho da makamantanta, an cire abu uku: ɗaurin aure, salam (cinikin da ake biyan kuɗi a gaba, kaya su zo daga baya), da sarfu. Saboda haka ki bar wa ƙanenki, shi da ke wurin, ya yanke farashi ya kuma tabbatar da shigar kuɗi a zama ɗaya.

Maganar barin sefa kwana uku don a ƙara miki farashi, wannan riba ce tsantsa, ƙari ne saboda jinkiri. Kada ki karɓa ko da ribar ta kai ta atamfa goma.

Saura jika ɗari ukun nan. Tunda an rabu bai tura ba, canjin la'asar bai ƙullu ba, farashin jiya kuma bai hau kan kowa ba. Da washegari ya kamata ku sake yankewa ya tura nan take. Yanzu da ya riga ya tura, ke kina binsa sefa, shi yana binki naira, kuma duka basussukan lokacin biyansu ya yi. Malikiyya sun halatta a kashe bashi da bashi a irin wannan hali. Ƙanenki ya koma su daidaita da yardar juna, su kammala a zaman, kada a bar ko dala a tsakani. Mafi kusa da adalci su duba farashin ranar da suka zauna, kamar yadda ya zo a hadisin Ibn Umar da yake sayar da raƙuma da dinari ya karɓi dirhami, ko da yake malaman hadisi sun yi saɓani kan ɗaukaka shi zuwa ga Annabi (SAW). Idan kin ga bambancin bai kai a ɓata zumunci ba kika amince da adadin da ya tura, wannan ma ya isa, ku yi istigfari a kan abin da ya wuce cikin rashin sani.

Nan gaba idan aka ce rezo ya ɗauke, ƙanenki ya dawo da sefa gida. In yana tsoron yawo da su cikin kasuwa, ya bar su wurin ɗan canjin a matsayin ajiya, a rubuta adadinsu, ba tare da an ambaci farashi ba sai ranar da za a tura. Wallahu a'alam.