Tambaya da Amsa: Me ya tabbata cikin maganganun da ake yi kan fim ɗin Crumb?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kalli Crumb, fim ɗin da aka yi kan rayuwar Robert Crumb, mai zanen barkwanci ɗan Amurka. Ana cewa fitaccen daraktan fina-finai David Lynch ne ya shirya shi, wai sai da daraktan ya yi barazanar kashe kansa kafin Crumb ya yarda a ɗauke shi, wai kuma fim ɗin ne ya yi ajalin Charles, wan Crumb. Ta yaya zan tantance gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Maganganun nan ba nauyinsu ɗaya ba, kuma kowace da inda ake nemo hujjarta.

Fara da mai sauƙi. Kada ka tsaya a kan fosta, ka karanta sunayen ma'aikata da ke fitowa a ƙarshen fim. Daraktan shi ne Terry Zwigoff, furodusa kuma Lynn O'Donnell. Sunan Lynch yana sama ne a matsayin mai gabatarwa, wato ya ara wa fim ɗin sunansa don ya samu kasuwa. Bai yi ɗauka ba, bai yi tacewa ba.

Batun Charles kwanan wata ne ke warware shi. Ya kashe kansa a 1992, fim ɗin kuwa bai fito ba sai 1994, sannan ya ci babbar kyautar alƙalai a bikin fina-finai na Sundance a 1995. Abin da duniya ba ta riga ta kalla ba ba zai kunyata mutum a idonta ba. Cikin fim ɗin ma da bakinsa yake faɗin cewa ya daɗe yana fama da ciwon damuwa, yana shan magani, kuma ya taɓa yunƙurin hakan a baya. A nan mutane ke yawan zamewa: suna haɗa shekarar ɗauka da shekarar fitowa, alhali irin wannan fim kan ɗauki shekaru ana haɗa shi. Ka rubuta shekaru uku a takarda, ta ɗauka, ta abin da ya faru da ta fitowa, kafin ka ce wannan ne ya jawo wancan.

Maganar barazanar ita ce mai wuya, domin tana da ƙafa ɗaya a kan gaskiya. Zwigoff ya faɗa wa mai sharhin fina-finai Roger Ebert cewa a shekarun aikin yana cikin talauci da matsanancin ciwon baya, har yana kwana da bindiga a kusa da shi. Daga nan labari ya yi ta canza riga a bakin mutane har ya zama wai da ita ya tsorata Crumb. Daga baya Ebert ya gyara maganar, ya nuna cewa ba haka aka yi ba. Kuma akwai dalili mafi kusa: Zwigoff da Crumb tsofaffin abokai ne, sun yi kiɗa tare a ƙungiyar Cheap Suit Serenaders, dukkansu masu tara tsofaffin faya-fayan garmaho ne. Don haka ka bi magana har bakin wanda ya fara faɗinta. Jaridu goma da suka kwafa daga mutum ɗaya shaida ɗaya ce, ba goma ba.

Akwai wata da ba ka ambata ba amma za ka ci karo da ita: wai kwamitin kyautar Oscar ya daina kallon fim ɗin bayan minti 20. Cewa bai shiga jerin masu takara ba tabbas ne, jerin yana nan a rubuce. Adadin mintocin kuwa ruwaya ce daga ɗakin da 'yan jarida ba sa shiga, sai ka sa mata “wai”.

Ka kuma lura da waɗanda ba su yi magana ba. 'Yan'uwan Crumb mata biyu sun ƙi a yi hira da su, fim ɗin da kansa ya sanar da haka a ƙarshe. Duk abin da ka ji a fim ɗin daga 'ya'yan gidan kan zafin mahaifinsu, daga bakin mazan uku ya fito: Robert, Charles da ƙanensu Maxon.