Kumburin Ciki a Zomo: Amsoshi ga Masu Kiwo

Wata uwa daga Garwa a arewacin Kamaru, wadda ɗanta yake kiwon zomo guda a tsakar gida, ta ce tun daren jiya zomon ya ƙi cin abinci, ya takure a kusurwar keji, cikinsa ya kumbura, kuma wani maƙwabci mai awaki ya shawarce ta da ta ɗura masa ruwan kanwa da man gyaɗa. Tana tambaya ko ta bi wannan shawara.

Hajiya, kada ki ɗura masa ko ɗaya daga cikinsu. Maƙwabcinki ya faɗi abin da aka saba yi wa akuya ne, alhali halittar cikin zomo daban take. Akuya tana tuƙa, tana gyatsa, amma zomo tumbinsa ɗaya ne mai siririyar fata, kuma ba ya iya yin amai, saboda haka duk abin da ya shiga tumbinsa sai dai ya bi ta hanji. Idan wani abu ya toshe bakin hanjin, wanda sau da yawa dunƙulen gashin da ya lasa ne daga jikinsa, sai ruwa da iska su yi ta taruwa, tumbin ya cika har ya danne numfashi da gudanar jini, kuma zomon yana iya mutuwa cikin sa'o'i kaɗan. Duk abin da aka ɗura a irin wannan hali ƙarin nauyi ne ga tumbin da ba shi da mafita, man gyaɗa kuwa yana iya sarƙe shi ya shiga huhu. Haka nan kada kowa ya huda masa ciki da allura, domin yin hakan ajalinsa ne.

Abin da ya kamata ki fara yi shi ne ki gane wane irin kumburi ne, don kuwa iri biyu ne kuma kulawarsu ba ɗaya ba ce. Ki ɗora shi a kan zane, ki sa yatsu a hankali a bayan haƙarƙarinsa na hagu. Idan kika ji wurin ya yi tauri kamar fatar ganga, kunnuwansa sun yi sanyi, yana cije haƙora, kuma ciwon ya zo masa farat ɗaya, to wannan shi ne mai haɗari. Kada ki matsa cikin, kada ki tilasta masa abinci. Ki naɗe shi da tsumma, ki ajiye gorar ruwan ɗumi a gefensa, ki garzaya da shi wurin likitan dabbobi a wannan sa'ar. Zafin jikin lafiyayyen zomo yana tsakanin digiri 38.5 da 40 a ma'aunin Celsius, kuma idan ya sauka ƙasa da 38 al'amarin ya tsananta. Likita ne kaɗai zai iya zura siririn tiyo ta baki ya rage iskar, ya yi masa ƙarin ruwa, ya ba shi maganin zafin ciwo, ya kuma duba ko sai an yi aiki.

Idan kuwa cikin yana da laushi, kuma kin lura tun kwana biyu da suka wuce kashinsa yana raguwa, yana fitowa ƙanana a bushe, to hanjin ne ya yi sanyin aiki. A nan akwai abin da za ki iya yi kafin ki isa wurin likita: ki ba shi ruwa mai tsabta da sirinji marar allura, kaɗan-kaɗan ta gefen baki, ki riƙa shafa cikin a hankali, ki sake shi ya yi 'yar tafiya a inuwa, ki kuma ajiye masa busasshiyar ciyawa mai kyau a gabansa. Maganin iskar ciki na jarirai, wanda ake kira simetikon a kantin magani, ba ya cutar da zomo, kuma ana ba da miligiram 20 zuwa 40 awa-awa har sau 3, sai dai ba ya buɗe hanjin da ya toshe. Zomon da ya kai sa'o'i 12 bai ci ba kuma bai yi kashi ba, lallai ne likita ya gan shi, ko da kuwa yana motsi.

Akwai gargaɗin da nake so kowane mai zomo ya riƙe. Kada a ba zomo amokisilin, ko ampisilin, ko linkomaisin ta baki. Waɗannan magungunan kashe ƙwayoyin cuta, da ake samu cikin sauƙi a kasuwa, suna kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin babban hanjinsa, su bar masu guba su yi yawa, sai a wayi gari zomon ya mutu da zawo bayan 'yan kwanaki, mai shi yana tsammanin ciwon farko ne ya kashe shi.

Wani malami daga Marwa kuma ya tambaya dalilin da ya sa zomayensa suke kumbura a farkon damina, alhali lokacin ne ciyawa ta wadata.

Malam, wadatar ce ta jawo. Zomon da ya shafe rani yana cin harawa da dusa, idan aka cika masa keji da ɗanyen tsiro rana ɗaya, ƙwayoyin da ke narka masa abinci ba su saba ba, sai tsiron ya yi tsami a ciki ya haifar da iska. Ka yanko ciyawar bayan raɓa ta bushe, ka shanya ta a inuwa ta yi yaushi, ba tare da ka tara ta cikin buhu ta ɗauki zafi ba, sannan ka riƙa ƙara ta sannu a hankali har tsawon mako guda ko kwana 10. A ganina babban kuskuren da ake yi a gidajenmu shi ne ɗaukar zomo a matsayin mai cin ragowar kwano. Tuwo da burodi da tsabar masara suna sa shi ƙiba, amma hanjinsa ba ya motsi sai da abinci mai kaushi, saboda haka ciyawa irin su gamba da kyasuwa, da harawar gyaɗa ko ta wake, su ne ya kamata su zama mafi yawan abincinsa dare da rana, dusa kuma ɗan cikin tafin hannu ta isa. Ka nisanta shi da gyauron dawa da ɗanyen ɓawon rogo saboda gubar da ke cikinsu, da duk harawar da ta yi funfuna. Ƙulin angurya, wanda yake da yawa a yankinmu na noman auduga, ya fi dacewa da shanu; yana ɗauke da wani sinadari da ke cutar da dabbobin da ba sa tuƙa idan ya yi yawa. Sannan a zafin Maris zuwa Mayu, lokacin da Marwa da Garwa suke wuce digiri 40, zomo yana rage cin abinci, kuma idan ruwan sha ya yanke masa abin da ke cikin hanjinsa yana bushewa, don haka inuwa da ruwa mai sanyi suna cikin rigakafin wannan ciwo.

Tambaya ta ƙarshe daga Kusuri take, inda wani matashi ya ce 'ya'yan zomayensa suna yin ƙaton ciki da zawo bayan an yaye su. Ɗan'uwa, wannan ya fi kama da cutar kokisidiyosis, wadda take yaɗuwa ta kashi a kejin da ke da danshi. Ka ware marasa lafiyar yau, ka kai ɗaya tare da kashinsa ofishin kula da dabbobi na gundumarku domin a tabbatar kafin a rubuta magani, ka ɗaga kejin daga ƙasa yadda kashi zai riƙa zubewa, ka rataye ciyawa maimakon zuba ta inda suke takawa, kuma nan gaba ka bar 'ya'yan tare da uwarsu har su kai mako 6.