Ajiye jerin nan, fara da tsutsar

Toh ɗana na ga saƙonka, ka ce kana son rubuta maƙala ka haɗa halin halittun nan masu rayuwa a jikin wasu da kalolin soyayya, har ka jera soyayya kala 5 kana neman tsutsar da za ta dace da kowacce, wai ta ina za ka fara. Gaskiya ta baya ka faro. In ka bi jerin nan ƙarshenta kaska da matsattsaku za ka ɗauko ka ce ai masoyin abin hannunka ne, kaska raɓi mai jini, wannan kuwa ko wanda bai taɓa riƙe biro ba ya san da shi.

Je ka zauna da halittar tukuna ka san ta sosai, ita za ta nuna maka soyayyar da ba ka yi zato ba. Duba tsutsar tsargiya, wadda likitan nan Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851, namijin yana da wani dogon tsagi a jikinsa, macen siririya ce tana kwance a ciki, haka yake ɗauke da ita a cikin jijiyoyin jinin mutum shekara da shekaru tana ta zuba ƙwai, kuma ƙwan ne ke yi wa mafitsara illa har mutum ya riƙa fitsarin jini. Ka lura fa, su biyun ba sa cutar juna, wallahi ko a labari da wuya ka samu masu amana irin tasu, mai masaukin ne ke shan wahala. To a soyayyar mutane wa ne mai masaukin? Abokin da ake tasa ƙarfe 2 na dare duk ranar da aka yi faɗa, ko yaran da ke kwance a ɗaki suna jin komai? Nan maƙalarka take, ka daɗe a wajen.

Sai Cymothoa exigua, wani ɗan ƙwaron teku da ke shiga ta wajen numfashin kifi, ya maƙale a harshensa yana zuƙar jini har harshen ya motse ya faɗi, shi kuma ya zauna a gurbin, kifin ya ci gaba da cin abincinsa. Ka taɓa tambayar wani ra'ayinsa masoyinsa ya riga shi amsawa, "ai mu ba ma son wannan"? Shi ke nan ka samu na biyu.

Toxoplasma kam, wata 'yar halitta da ido ba ya gani, kowa na son sa ta a rubutu, ita ce ke sa ɓera ya daina gudun warin fitsarin mage har mage ta kama shi ta cinye, don a hanjin mage kaɗai take barbara. In za ka sa ta ka tsaya a kan ɓeran, ban da ƙarin gishiri, mai karatu ɗaya da ya san ilimin ya kama ka da ƙarya sauran shafukan sun tashi a banza.

Uku sun isa. Kuma don Allah kar in ga "haka ma soyayya take" a ƙarshen kowane sakin layi, ka ajiye kifin, ka ajiye mutumin kusa da shi, ka yi shiru. Ni na taɓa yin irin wannan ina saurayi, duk shafin ni ne abin tausayi, ni ake tsotsa, malamina ya dawo min da takardar da layi ɗaya a gefe da jan biro, kai a jikin wa ka taɓa zama? Kwana 3 ina fushi kafin na sake rubutawa.

Fara da sashen tsargiyar, kalma 300, kar kalmar soyayya ta fito ko sau ɗaya, ka turo min in gani.