Shin birnin da ya fi daɗin zama shi ne mutanensa suka fi farin ciki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji a rediyo cewa Vienna, babban birnin ƙasar Austria, tana cikin biranen da suka fi daɗin zama a duniya, Legas kuwa tana can ƙasa. Ga shi na samu aiki a Legas, har ina shirin barin garinmu. Shin zan samu kwanciyar hankali a can?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Jerin da ka ji na sashen bincike na kamfanin mujallar The Economist ne, wanda ke auna birane 173 ta fuskar tsaro, asibitoci, ilimi, muhalli da ababen more rayuwa. Vienna ce ta zo ta ɗaya daga 2022 zuwa 2024, kafin Kopenhagen, babban birnin ƙasar Denmark, ta karɓe a 2025. Sai dai an tsara jerin ne tun asali domin kamfanoni su san alawus ɗin da za su biya ma'aikatan da suke turawa ƙasashen waje, ba a tambayar mazauna birnin yadda zukatansu suke.

Wanda ya tambaye su shi ne Rahoton Farin Ciki na Duniya na 2020, inda mutum ke ba rayuwarsa maki daga sifili zuwa goma. Rahoton ya nuna cewa a Afirka kudu da Sahara mutanen birni sun fi na karkara gamsuwa da rayuwarsu, saboda aiki, makaranta da asibiti sun fi kusa da su, alhali a ƙasashe masu arziki wannan rata takan ɓace ko ma ta juya.

A ganina, abin da zai fi shafarka shi ne nisan gidanka da wurin aiki. Masana tattalin arziki biyu, Alois Stutzer da Bruno Frey, sun nuna a 2008 cewa masu doguwar tafiya zuwa aiki a Jamus sun fi ƙarancin gamsuwa, kuma ƙarin albashi ko arhar haya bai maye musu gurbin abin da suka rasa ba. Wannan ya fi tsanani a Legas, inda mutum kan fita kafin asuba ya dawo bayan isha'i, 'ya'yansa sun yi barci.

Saboda haka, kafin ka biya kuɗin hayar shekara, ka bi hanyar nan da safe a ranar aiki, ka ƙidaya awoyin. Ka kuma nemi unguwar da kake da mutane, kamar Agege ko Idi-Araba inda Hausawa suka daɗe da zama, domin ranar rashin lafiya ko suna ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa.