Yadda zaki yi ban kwana da malamar fiyanonki

'Yar uwa, kince shekara 11 kina koyon fiyano wajenta, yanzu zaki tashi kin rasa yadda zaki faɗa mata. Nima na shiga wannan halin, wallahi akwai ciwo. Kar ki tura mata saƙon waya, ki sameta ido da ido tun saura wata guda. Ranar darasin ƙarshe ki kaɗa mata waƙar farko da ta koya miki, wadda kika dinga tuntuɓe a kanta, ni malamina sai da ya share hawaye. Ki haɗa da wasiƙa da hannunki. Kuskuren da ake yi shine ɓacewa shiru saboda kunya. In zaki cigaba da koyo, ita zaki tambaya ta haɗaki da malamin da ya dace, tafi kowa sanin hannunki.