Rajistar gidajen haya a Abuja: za ta taimaki ɗan haya?

Malam, ka tambaya ko dokar da za ta tilasta a tattara bayanan gidajen haya wuri ɗaya a intanet, kowa ya duba, za ta amfane mu a Abuja. Wallahi za ta amfane mu.

Bara ƙanena ya biya dillali kuɗin ganin gida har sau uku a Kubwa, ƙarshe ya tarar ɗakin da mutum a ciki, wanda ya karɓi kuɗin ma ba shi da hurumin bayarwa. Da akwai inda zai duba sunan mai gida na gaskiya, kuɗin hayar shekara, da ko akwai ruwa da mitar wuta, da bai yi wannan asarar ba.

Tushen aikin yana nan: tun 2003 AGIS, hukumar gwamnati mai kula da rajistar filaye, ke ajiye bayanan filayen Abuja a kwamfuta. Matsalar ita ce gidaje da yawa a unguwanni irin su Mpape ba su da takardar mallaka, kuma nan talaka yake haya. Dole dokar ta shigar da su.

Sunan ɗan haya da lambar wayarsa kuwa kada su fita fili, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta tanadi hakan.