Kwaɗon da zai jure ruwa da ƙura a ƙofar waje

Malam, ka ce damina ɗaya kawai kwaɗon get ɗinka ya yi, tsatsa ta cinye shi har ɗan makulli ya karye a ciki, kana tambayar wanne za ka saya.

Nemi mai jikin tagulla, domin tagulla ba ta tsatsa, sai dai ta dushe. Amma kasuwa cike take da na baƙin ƙarfe da aka shafa wa ruwan tagulla. Ka tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu, ka ɗora a jikin kwaɗon: in ya manne, ajiye musu kayansu. Ni haka nake yi, ko mai shago zai ɓata rai.

Sai ƙarfen da ya lanƙwasa a sama. Na sitenles, wato farin ƙarfen nan da ba ya saurin tsatsa, ya fi jure ruwa, wanda aka ƙona ya yi tauri kuma ya fi wuyar yankewa, amma yakan yi tsatsa idan rufinsa ya goge. In shago ne mai kaya, ɗauki mai taurin, faɗin jikin kwaɗon milimita 50 zuwa sama.

Ka rataye shi ramin makulli yana kallon ƙasa, ka yanko tsohon tub na babur ka rufa masa. Don Allah kada ka ɗura masa baƙin mai ko man gyaɗa. Ƙurar hunturu ce za ta manne ta zama taɓo a ciki. Goga bakin fensir a ɗan makullin, ka zura ka fitar sau uku ko huɗu, zai yi laushi.